Ganyen Maganin Damuwa: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido



Mu mazauna Maiduguri ba sai an ba mu labarin tashin hankali ba. Tun daga 2009 muke cikin rikicin Boko Haram. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday Market, inda da yawa daga cikinmu ke neman abinci. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari. To, wanda ya rasa ɗan'uwa, ya rasa jari, ya rasa muhalli, ba abin mamaki ba ne ciwon damuwa ya kama shi. Wannan ciwo ya wuce ɓacin rai na yini ɗaya. Shi ne ka ga mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar fita kasuwa, ba ya son ganin kowa.

Da yake yawancinmu muna jin kunyar a gan mu a asibitin ƙwaƙwalwa, sai mu nemi abin da za mu sha a ɓoye. Daga cikin irin waɗannan akwai wani ganye mai furanni rawaya da Turawa ke kira St. John's wort. Ana sayar da shi a ƙwaya ko a ganyen shayi, har ta intanet, ba tare da takardar likita ba. A kansa za mu yi magana yau.

Gaskiya ɗaya ce, ganyen yana da amfani. A 2008 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutum sama da 5,000, suka ga yana taimaka wa masu damuwar da ba ta yi tsanani ba. Amma wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002 bai ga ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Shi kaɗai ma yana iya kawo jiri, bushewar baki da ɓacin ciki, yana kuma sa fata ta kasa jure rana, ga shi kuwa kun san ranar Borno.

Babban haɗarin, jama'a, yana wajen haɗa shi da wasu magunguna. Ganyen nan yana sa hanta ta riƙa fitar da magani daga jiki da sauri, kafin ya gama aikinsa. A 2000 wani bincike a Amurka ya nuna ya rage fiye da rabin maganin ƙanjamau mai suna indinavir a cikin jini. Dolutegravir da ake bayarwa yanzu a Nijeriya ma an hana haɗa shi da ganyen. Haka Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da kusan kowane gida ya sani: takardar da ke cikin kwalinsa ta hana a sha su tare. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa tana iya samun ciki ba shiri. Mai shan warfarin don kada jini ya daskare, ko digoxin don ciwon zuciya, zai ga yana shan magani kullum amma ciwo yana ƙaruwa. Ko an daina shan ganyen, sai an yi kusan mako biyu kafin hanta ta koma yadda take.

Akwai kuma wata illar ta daban. In aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti irin su fluoxetine, ko da tiramol da ya zame wa samarinmu annoba, mutum na iya kama karkarwa, gumi, zazzaɓi da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙasar Ailan, tun 2000, ta ce ba a sayar da shi sai da takardar likita.

Wani zai ce, “Ai ganye ne, ba ya cutarwa.” Haba! Mu da muka san zaƙami, ai mun san ganye na iya haukata mutum. Ba muna raina sassaƙe da saiwar da muka gada ba ne. Abin da muke cewa shi ne, duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Ko lambar hukumar NAFDAC da muke gani a jikin kwalbar maganin gargajiya, ba shaida ce ta cewa yana warkar da ciwon da aka rubuta ba.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu. Na farko, duk mai shan wani magani na kullum, da mai ciki, da mai shayarwa, kada su taɓa ganyen nan. Na biyu, in mun je asibiti mu faɗa wa likita duk abin da muke sha, har jiƙo da tsimi, domin wanda ya ɓoye wa likita ya ɓoye wa kansa lafiya. Na uku, wanda likita ya ɗora a kan maganin damuwa kada ya ajiye shi don ya koma ganye. Maganin kan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, sai an yi haƙuri. Na huɗu, in ɗan'uwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada mu tsaya neman shayi. A kai shi a ranar, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba abin gori ba ne a unguwa.

Iyaye mata, ku ne kuka fi saurin gane wanda ya canza a gida, don Allah kada ku yi shiru. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.