Daga Ƙofar Wambai zuwa YouTube

A da, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyar cinikin finafinan Kannywood, tun zamanin kaset har zuwa faifan CD. Da wayar hannu ta yaɗu, masu tura fim a memori suka karya farashi, shaguna suka yi ta rufewa. Furodusoshi sun samu mafita: tashar talabijin ta Arewa24 ta buɗe a 2014, fim mai dogon zango ya samu gida, irin su Izzar So suka fito a YouTube, talla na biyan su. To dillalin faifai da yaran shagonsa fa? Su aka bari a baya. Ƙungiyoyin masana'antar, don Allah ku koya musu tace hoto da gudanar da tashar intanet.