Yaran Da Ke Kallo Su Ne Maganin Cin Zali A Makaranta

Yau za mu tattauna a kan yaranmu 'yan shekara 11 zuwa 14, da cin zalin da suke yi wa junansu a makaranta.

Uwargida, kin san alamun. Yaro ya ce cikinsa na ciwo kullum da safe, amma ranar hutu garau yake. Yarinya ta dawo da yunwa alhali kin ba ta kuɗin tara, ashe ƙwacewa ake yi. Wata an laƙaba mata suna saboda in'ina, wani ana yi masa gorin yagaggen takalmi. Abin ba a wajenmu kaɗai yake ba. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zalin 'yan uwansa ɗalibai a watan da ya gabaci binciken.

Mu da muke cikin gida mun saba roƙon maigida ya je ya ga hedimasta. Hakan daidai ne, kada a daina. Sai dai malami ba ya nan a bayan aji, ba ya nan a hanyar dawowa gida, balle ɗakin kwana da dare. Yara ne ke gani. Shi kuwa mai cin zali, dariyar 'yan kallo yake nema. Ranar da suka ɗaure fuska, kasuwarsa ta watse.

An gwada wannan a jihar New Jersey ta Amurka daga 2012 zuwa 2013, a makarantu 56, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Elizabeth Paluck. An tambayi ɗalibai su faɗi waɗanda suka fi zama da su. A rabin makarantun aka tara wasu yara, aka bar su suka tsara da kansu yadda za su yi wa 'yan uwansu magana. Cikin shekara guda ƙararrakin rigima suka ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kuma an fi samun nasara a inda masu farin jini suka shiga gaba. Wato yaro ya fi jin maganar abokinsa a kan bulala.

To, ina namu aikin? Ƙafarki ba ta zuwa makaranta, amma ƙawayen 'yarki har ɗakinki suke shigowa. Kin san wadda in ta yi magana sauran ke bi. Ki jawo ta a jiki, ki nuna mata farin jini amana ne.

Shi kuma ɗanki, bayan kin tambaye shi ko an taɓa shi, ki ƙara da cewa, “Wa aka ci wa zali yau, kai kuma me ka yi?” Ki koya masa abu uku: kada ya yi dariya, ya je ya zauna kusa da wanda aka ware, sannan su haɗu su biyu ko uku su gaya wa malami. Ki fahimtar da shi cewa ceton wanda ake zalunta ba gulma ba ce. Kada ki tura shi dambe, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

In kuwa aka kawo miki ƙarar naki ɗan, 'yar uwa, ki saurara kafin ki tare masa faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa, a gaida maigida da yara.