Jawabin Shugabar Mata: Ruwan Nono Ba Goyo, Al'ada Ta Ɗauke

Yau ba maganar rajista ko taron mazaɓa zan yi ba, maganar lafiyarmu ce.

Akwai wani sinadari a jikin mace da likitoci ke kira furolaktin. Wata 'yar ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake, take samar da shi, kuma aikinsa kawo ruwan nono. Shi ya sa mai shayarwa takan yi watanni ba ta ga al'ada ba, wannan daidai ne. Matsalar ita ce ya hauhawa alhali ba ciki ba goyo. Sai jiki ya ɗauka ana shayarwa: al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙwai ya daina fita, nono ya riƙa tsattsafo ruwa, sha'awa ta ragu. Ciki kuma shiru.

To a nan ne muke cutar junanmu. Dangin miji su fara gori, a ce kishiya ce ta yi mata asiri, ko namijin dare ya aure ta. Baiwar Allah ta sayar da 'yan kunnenta tana sayen jiƙo shekara da shekaru. Addu'a ba mai hana ta, mu ma muna yi, amma a haɗa da awon jini.

Abin da ke jawo shi yana da yawa. Wani lokaci ƙaramin ƙari ne a waccan ƙwayar, kuma galibi ba kansa ba ne, kada hankali ya tashi. Wani lokaci raunin ƙwayar maƙogwaro ne, wato tayirod, ko ciwon ƙoda, ko wasu magunguna na amai da na taɓin hankali. Don haka ki tafi wa likita da duk maganin da kike sha.

Maganinsa ƙwaya ce, Bromocriptine ko Cabergoline, kuma mata da dama al'adarsu ta dawo har sun haihu. Amma don Allah kada wadda ta ji sunan nan ta wuce kemis ta saya, likitan mata ne zai auna ya rubuta. In da ciwon kai mai naci ko gani ya fara raguwa ta gefe, kada a kwana biyu, a tafi asibiti.

Maza ma yana kama su, yana rage musu ƙarfi da haihuwa, a lallaɓa maigida shi ma ya je.

Shugabannin mata na mazaɓu, ku karanta wa waɗanda ba su da waya a taronku na wannan makon.