Na'urar da ke Karatu Harafi Bayan Harafi



A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Karatunsa na farko ya ci shekara 13, daga 1990 zuwa 2003. Yau na'urar Illumina kan kammala shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga yadda take yi. Akan daddatse zaren gutsi-gutsi, a liƙa a kan gilashi, a hayayyafa kowane gutsure har ya zama curi mai kwafi kusan dubu. Sannan a zuba sababbin haruffa, kowanne ɗauke da launi mai ƙyalli da ɗan takunkumi. Wani sinadari mai aikin kwafa sai ya ɗora harafi ɗaya daura da abokinsa, A da T, C da G, takunkumin ya tsayar da shi nan take. Kyamara ta ɗauki launin, a wanke shi tare da takunkumin, a koma zagaye na gaba. Miliyoyin curi ake karantawa lokaci guda, kwamfuta ta harhaɗa sakamakon.

Ina ruwanmu? Sauyin harafi ɗaya tak, A ya koma T, shi ne tushen ciwon sikila. Yaron da ya gaje shi daga uwa da uba, mun san yadda yake fashin makaranta. Mu koyar da wannan ilimi da harshen da yara ke ganewa, domin iyayen gobe su yi gwajin jini kafin aure da sanin dalili.