Agogon Jiki, Tuwon Dare da Tumbin Alhaji

 

Bari in fara da manomin Jiratawa. Kafin ladan ya kira assalatu ya farka, ba wanda ya tashe shi, yana idar da sallah ya nufi gonar zogalensa. Ɗansa kuwa yana nan Maraɗi, ƙarfe ɗayan dare yana zaune a fada, ana jiran shayi na uku, hasken waya yana dukan idonsa. Agogo iri ɗaya ne a jikinsu. Uban yana bin nasa, ɗan yana kokawa da shi.

Agogon nan an gan shi. A 1971 wasu masana biyu a Amurka, Konopka da Benzer, suka sami ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wasu kwanansu awa 19 ne, wasu 28, saboda canji a ƙwayar gado guda ɗaya. A 1984 Hall da Rosbash da Young suka ware ƙwayar, aka ba su kyautar Nobel a 2017. Aikinta kamar ban ruwa ne a Jiratawa: ƙwayar tana sakin wani sinadari, ya yi ta taruwa cikin dare, in ya cika kamar fangali sai ya koma ya toshe hanyar da ya fito. Da rana ya tsotse, hanya ta sake buɗewa. Zagaye ɗaya kusan awa 24. Babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, hasken da ido ya gani ke saita shi. Hanta da hanji da kitse kowanne yana da ƙaramin nasa, su kuma sun fi sauraren lokacin cin abinci.

To ina ruwan ƙiba? A 2005 aka duba ɓerayen da ƙwayar agogonsu ta lalace. Sai ci ba dare ba rana, suka yi teɓa, suga da kitse suka hau a jininsu. Mutane ma an gwada su: a Shikago, 2004, aka bar samari 12 da barcin awa huɗu kacal, dare biyu a jere. Sinadarin da ke ce wa mutum ya ƙoshi ya ragu, mai tayar da yunwa ya ƙaru, suka fi kwaɗayin zaƙi da kayan gari.

Na san wani zai ce a ransa, garin da muke fama da tamowar yara ne za a zo ana maganar ƙiba? Duka biyun muna da su, wani lokaci a gida ɗaya. Kuma mu faɗi gaskiya, har yau tumbi a wurinmu shaidar arziki ne. Alhaji ya rufe shago, ya biya majalisa, ƙarfe goma sha ɗaya ya zauna gaban malmala biyu, a biyo da tsire, a kora da lemun kwalba, a lokacin da jikinsa ya fi gazawa wajen sarrafa suga. Bayan 'yan shekaru sai ga hawan jini da ciwon suga.

Gado yana da nasa rabon. Akwai masu sammako tun haihuwa, akwai waɗanda barci ba ya ɗaukarsu da wuri, don haka kada a yi saurin kiran yaro rago. Amma ƙwayoyin gadon mutanenmu ba su canja ba daga zamanin fitilar aci-balbal zuwa yau. Daren ne muka canja.

Ɗalibai, gobe ku ne a ɗakin duba marasa lafiya. In mai ƙiba ya zauna gabanku, bayan awo da gwajin jini, don Allah ku tambaye shi ƙarfe nawa yake cin tuwon dare, ƙarfe nawa yake kwanciya.