Wane Irin Magini Kasuwar Intanet Take Nema?

 

An ce in yi magana a kan masu gina shafukan intanet: ko ana nemansu, kuma me masu ba da aiki suke dubawa kafin su ɗauki mutum. Duk inda aka taɓo wannan batu, tambayar da matasa suke fara jefowa ita ce, "Malam, wane yaren kwamfuta zan koya in sami aiki?" Zan amsa ta, amma sai na kusa sauka, domin a ganina ba ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita ba.

Sana'ar nan ƙarama ce a shekaru. A 1989 ne Tim Berners-Lee, wani Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo. Shafin farko ya fito fili a 1991, sannan a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta. Wannan sakin da aka yi shi ne ya ba sana'ar halinta har yau: ba ta da mai gadi a ƙofa. Injiniya a Najeriya sai ya yi rajista da hukumarsu ta COREN, likita sai hukumarsu ta ba shi lasisi, lauya sai ya bi ta makarantar lauyoyi. Mai gina shafi kuwa babu wanda zai tare shi. Alheri ne, domin ɗan talaka zai iya shiga. Amma ku lura da ɗaya gefen: tunda babu hukumar da za ta tsaya maka shaida, mai ba da aiki ba shi da abin dogaro sai aikin hannunka. A nan gani ya kori ji.

Batun ko ana neman ma'aikata, ba sai na wahalar da ku ba. Tun 2014 aka kawo BVN. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Kuɗin makaranta, tikitin jirgi, neman fasfo, duk ta shafi ake bi. Kun kuma tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mutum zaune a bayansa yana rubutawa, yana gyarawa. Kamfanin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 don sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Gwamnatin tarayya ma a 2023 ta fito da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha.

To, ga inda nake so ku gyara zama. Kamfanin Andela ya fara a Legas a 2014 da manufar ɗaukar matasa sabbin shiga, ya horar da su, ya haɗa su da kamfanonin ƙasashen waje. A watan Satumba na 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, kuma bai ɓoye dalili ba: abokan cinikinsa gogaggu suke nema, ba 'yan koyo ba. Bayan nan, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, Meta ya rage ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. A daidai wannan tsakanin ChatGPT ya fito, a Nuwamban 2022, kuma yau na'ura irinsa tana iya zayyana maka shafi mai kyan gani kafin shayinka ya huce.

Don haka duka maganganun biyu gaskiya ne. Mai kamfani yana kukan ba ya samun ma'aikaci, matashi yana kukan ba ya samun aiki. Abin da ya yi yawa a kasuwa shi ne mai takardar shaidar kwas na wata uku wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a YouTube. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da za a damƙa wa aiki a juya baya, a dawo a tarar ya gama, kuma bayan wata shida abin yana nan yana aiki. Wannan amanar ita ake saye, kuma duk ƙwarewar da zan ambata hanya ce ta tabbatar da ita.

Tushe dai uku ne, HTML da CSS da JavaScript, kuma sun haura shekara ashirin da biyar suna nan. Abin da ke sauyawa shi ne kayan aikin da ake ɗorawa a kansu. An yi yayin jQuery, an yi na AngularJS har masu shi suka daina kula da shi, yanzu React, wanda Facebook ya saki a 2013, shi ya cika tallace-tallacen neman ma'aikata. Wanda ya haddace React bai san JavaScript ba, ranar da yayi ya wuce ya koma ɗan koyo. Kuma kada wani ya sa ku raina PHP da WordPress. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke, kuma yawancin aikin da za ku fara samu a garuruwanmu, na makaranta mai zaman kanta ko asibiti ko ƙungiya ko jarida, irinsa ne.

Bari in ba ku gwajin da nake ganin ya fi kowace takardar shaida tona asirin magini. Ku buɗe fom ɗin da ya gina, ku rubuta suna Sa'adatu ko Mu'azu. A shafuka da dama, wannan ɗan waƙafin sama da ke tsakiyar sunan ya isa ya sa abu ya tsaya cak. Dalili shi ne, a yaren SQL da ake magana da rumbun bayanai da shi, wannan alama ita ce ke nuna farko da ƙarshen rubutu. Idan magini ya ɗauki abin da baƙo ya rubuta ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin da ke tafiya rumbu, sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar kuma umarni ne. Ga Sa'adatu, abin haushi ne kawai. Amma ɓarawo da ya ga haka ya san ƙofa a buɗe take: ta wannan kafar zai cusa nasa umarnin, ya kwashe sunaye da lambobin waya da sakamakon jarrabawa na kowa. Maganin ba ya cin layi biyar, kuma an san shi tun da daɗewa. Wasu maimakon su toshe kafar, sai su hana rubuta alamar, su bar 'yar mutane tana yawo da takarda mai suna Saadatu. Haka nan ƙ da ɗ da ɓ: in ba a saita rumbu a kan tsarin UTF-8 ba, sai ka ga Ɗanjuma ya koma alamar tambaya. Tun Yunin 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar da ke sa ido a kanta, saboda haka sakacin magini yana iya jawo wa uban gidansa tara. Mai ba da aiki da ya san abin da yake yi yana tambaya a kan wannan.

Sai gwajin waya. Kai kana gini a kan kwamfuta mai faɗin fuska, amma wanda zai shiga shafin yana riƙe da ƙaramar Tecno ko itel, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, datarsa kuma ta ɗari biyar ce. Hoto ɗaya da ba a rage masa nauyi ba zai iya sa ya rufe shafin ya tafi. Ku riƙa gwada aikinku a kan waya mafi arha da ke gidanku.

Akwai kuma abin da makarantu ba su cika koyarwa ba: karanta aikin wani. A kamfani da wuya a ce ka fara daga farar takarda. Za a ba ka abin da mutum biyar suka taɓa, uku sun bar wurin, a ce ka gano me ya sa rasit ba ya fita. Shi ya sa ake neman wanda ya iya Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin kowane gyara, wa ya yi shi, yaushe, don me. Shi ya sa kuma na'urorin nan masu rubuta umarni ba su tayar min da hankali a kan wanda ya san tushe ba. Na'ura za ta rubuta, amma sai an sami mai karantawa ya ce nan ta yi daidai, nan ta bar ƙofa a buɗe. Wanda bai iya ba, na'urar sai dai ta taimaka masa ya yi kuskure da sauri.

Turanci fa? Ba zan yi muku daɗin baki ba. Littattafan bayanin kayan aikin nan da Turanci suke, kuma aikin nesa da ake biya da dala rabinsa rubutu ne: yau na yi kaza, na maƙale a kaza, zan gama ran kaza. Ba sai ka iya karya harshe ba, amma dole ka iya rubuta layi huɗu da za a fahimta. Hausarka kuma jari ce. Alhajin da ke Kantin Kwari ba zai ce maka yana son rumbun bayanai ba, zai ce yaransa suna rikita masa lissafin bashi. Wanda ya iya zama ya saurare shi, ya gano ainihin matsalar, wani lokaci ma ya gaya masa gaskiya cewa ba shafi yake buƙata ba, wannan ya wuce maƙerin fuska kawai.

Abin da ya fi kashe mana kasuwa a gida kuwa hali ne, halin telan jajibirin Sallah: a karɓi kafin alƙalami, a yi alkawarin mako biyu, a kashe waya. Wani kuma sai ya yi rajistar adireshin shafin da sunansa maimakon sunan mai shi, ranar da aka saɓa ya riƙe shafin mutane garkuwa. Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: me za a yi, nawa, yaushe, wa zai riƙa biyan kuɗin sabunta adireshi da masauki duk shekara. Ku miƙa wa mai aiki kalmomin sirrinsa ranar da kuka gama. Ƙannena mata, wannan ɓangaren dama ce gare ku, domin aikin ana yin sa daga ɗaki, kuma wadda aka shaida da cika alkawari ba ta rasa mai kawo mata wani.

Yanzu ga amsar tambayarku. Ku fara da HTML da CSS da JavaScript, ku ƙara da SQL, sannan yare ɗaya na bayan fage, PHP ko Python, duk wanda kuka sami mai nuna muku a kusa. Kada ku tara kwas goma. Ku nemi Islamiyyar unguwarku ko kemis ɗin kawunku, ku gina musu abu ɗaya na gaske, rajistar ɗalibai ko lissafin magani, ku ɗora shi a intanet, ku sa aikin a GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git, ku ci gaba da kula da shi shekara guda mutane suna amfani da shi suna kawo ƙorafi. Ranar ganawa da mai ba da aiki, adireshin wannan shafin za ku fara miƙa masa, da lambar shugaban makarantar idan ya yarda a kira shi.