Sabon Gida, Sabon Lambu: Kafin a Malale Tsakar Gida da Siminti

[Kiɗan buɗe shiri]

 Gaisuwa ga mutanen Bagudo da Zagga da Ka'oje, da na Illo da Lolo da Tsamiya, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Segbana da Malanbil. Shirinmu na yau na wanda ya gama gini ya tare ne, ko yake shirin tarewa.

Da an yi rufi an sa ƙofofi, abin da ke zuwa a ran maigida shi ne ya kira birkila a malale tsakar gida da siminti, daga bakin zaure har gindin katanga. Maigida, dakata tukuna. Bar wa ƙasa wani yanki, ko da taku biyar ne a taku huɗu. Mu da muke bakin Kogin Kwara ba a koya mana noman fadama, amma fadama tana da ranar da take juya baya. Kowa ya tuna ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a jihar Kebbi. Kuma duk shekara, idan tumatirin rani ya ƙare a farkon damina, uwargida ce ta fi kowa sanin yadda kuɗin cefane ke ƙarewa kafin miya ta haɗu. Ɗan lambun cikin gida ba zai maye gurbin gona ba, amma zai riƙe tukunya.

To, daga ina za a fara? Daga zaɓen wuri. Kayan lambu suna son rana ta awa 6 aƙalla a yini, don haka a duba inda inuwar ɗaki da ta katanga ba ta rufewa. A nisanta shi da salga da rariyar banɗaki, domin ganye irin latas ɗanye ake ci.

Sai ƙasa, kuma a nan ne sabon gida ke yaudarar mutane. Ƙasar da magina suka bari ba ƙasar noma ba ce: ragowar siminti ce, da fasassun bulo, da jar ƙasar ciko da aka daddanne. Ka shuka a kanta, tsiron zai fito ya yi ɗorawa ya tsaya cak, ka ce iri ne ba kyau. A tona zurfin kamu ɗaya, a tsince tarkacen a fitar. A kawo ƙasar gona mai laushi kashi biyu, a gauraya da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ku lura, na ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, har ya yi baƙi ya daina wari. Da rani a yi fangali mai ɗan zurfi don ya riƙe ruwa, da damina a tada kunya don kada ruwa ya kwanta. Wanda kuma ya riga ya malale gidansa, ko yake gidan haya, tsohon buhun shinkafa ya wadatar: a huda gindinsa, a cika da wannan haɗin, a jera a rana.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, kowace shuka da lokacinta. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tumatir da albasa da karas da kabeji da latas. Tumatir ana renonsa mako 3 zuwa 4 kafin a dasa, kuma da yamma ake dashe. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, furen tumatir zubewa yake yi, kada ku wahalar da kanku. Damina kuwa ta kuɓewa ce, wadda muke ce wa guro, da yakuwa da rama da lalo da kabewa. Mai farawa ya fara da alayyafo: cikin mako 4 an fara tsinka. Guro kuma kusan wata biyu ya soma 'ya'ya.

Itatuwa suna son a yi musu dogon tunani, domin ba a sauya musu wuri. Zogale ne na farko, ko iri ko reshe aka dasa yana kamawa. In ya kai ƙugu a datse kansa, don ya yi rassa a inda hannu zai kai. Gwanda tana 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai mace akwai namiji, don haka a shuka uku ko huɗu, in sun yi fure a rage mazan. Gwaba da lemun tsami sun dace da ƙaramin fili. Mangwaro kuwa, a nemi mai aure, wanda ke fara 'ya'ya a shekara 3 ko 4, a kuma ba shi taku goma daga ɗaki da katanga da rijiya. Inuwarsa ma, in ya girma, za ta kashe fangalin da ke ƙarƙashinsa. Lokacin dashen itace shi ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuni.

Iyayenmu mata, maganar ruwa taku ce. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye ganye duk na lambu ne. Mai sabulun wanki ko bilic kuwa a zubar da shi nesa. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. A rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe. Randa ko duro a rufe bakinsu saboda sauro. Akuya da kaza kuwa ba su san na gida ba: a kafa shingen kara tun kafin a zuba iri, a yafa wa reno tsohon gidan sauro.

Yanzu ga gargaɗin da ya shafe mu mazauna iyaka musamman. Yankin Alibori na Jamhuriyar Benin, wato su Kandi da Banikoara da Segbana, ƙasar auduga ce, kuma magungunan feshin auduga suna yawo a kasuwanninmu, wasu da rubutun Faransanci, wasu a gorar da ba rubutu ko kaɗan. Auduga ba a cin ta, alayyafo kuwa yau a yanka, yau a ci. Kada maganin auduga ya taɓa kayan miya. In dole sai an sayi maganin feshi, a duba lambar NAFDAC, a nemi malamin gona ya faɗi kwanakin da za a jira kafin a tsinka. A ɗan lambun gida ma, hannu da ido sun fi feshi. In ƙwari sun yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Ganyen tumatir da tsutsar sharon ta shiga, wadda ta gigita manoman Kano da Kaduna a 2016, a tsinke shi a ƙone.

Aikin wannan mako ke nan: maigida da uwargida ku zaga gidan tare, ku ga inda rana ta fi daɗewa, ku kafa turaku huɗu, ku fara tara taki. A shiri na gaba za mu yi bayanin yadda ake ajiye iri daga shekara zuwa shekara. Allah ya sa albarka a sabon gida, ya ba da zama lafiya. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]